Goggo Leah Ba Ta Kamuwa

A gidan Saje Kefas da ke Rikoto, cikin garin Zuru, akwai mace guda da aka hana wa ikon yin rashin lafiya. Ba likita ne ya hana ta ba. Sajen da kansa ya yanke hukuncin, yana kishingiɗe a kujerarsa ta roba a gindin mangwaro, kuma a gidan nan duk abin da ya fito daga bakinsa oda ce, ko da yake ya daɗe da ajiye kaki.

Matar ita ce Leah, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta soja ne, ya tafi yaƙi arewa maso gabas bai dawo ba. 'Yarta tilo, Rachael, tana aure a Kanya. Sai Leah ta tattara 'yan komatsanta ta dawo gidan yayanta, inda aka karɓe ta hannu bibbiyu: hannu ɗaya ya miƙa mata tsintsiya, ɗayan ya miƙa mata muciya.

A shekarar da korona ta fara shigowa, Leah ce kaɗai ta kamu a gidan. Aka matsar da buhunan dawa a ɗakin ajiya na bayan gida, aka shimfiɗa mata tabarma a tsakaninsu. Gladys, matar Saje, takan ajiye kwanon tuwo a ƙasa ta tura shi da sanda har bakin ƙofa, sannan ta ruga ta wanke hannu kamar ta taɓa mushe. Leah ba ta mutu ba. Ta tashi da ƙirji mai nauyi, wanda ko guga ta jawo daga rijiya sai ta dafa bango ta huta, ga ciwon suga da dama take fama da shi. Amma dai ta tashi. Tun daga ranar matsayinta ya canja a gidan. Wadda ake gudu ta zama wadda ake turawa.

"Jikinta ya gama tirenin," in ji Saje. "Cutar ta shiga ta fita. Ba ta da sauran aiki da Leah."

Da masu allurar rigakafi suka kafa teburinsu a harabar coci, Saje ya ɗora hularsa ta tsofaffin sojoji, Gladys ta ɗaura ɗankwalin fita. Leah ma ta fito tana gyara zani.

"Ina zuwa?" ya tambaye ta.

"Allura, Yaya. Sun ce masu suga su fara zuwa."

"Ke da kika riga kika yi cutar? Allurar nan ta waɗanda ba su yi ba ce. Taki Allah ya yi miki kyauta, kar ki je ki tare wa mabukata layi."

"Kuma ga wake a kan wuta," in ji Gladys, tana duba fuskarta a gilashin taga.

Ranar allura ta biyu ba wake ba ne, gero ne ake surfe. Shi kuwa Saje, tun da aka yi masa ta biyun, ba ya zuwa wurin shan burukutu bai naɗe hannun riga ba, ya nuna wa abokansa wani wuri a damtsensa da babu wanda ke ganin komai.

"Biyu ke nan," yakan ce. "Ni yanzu motar sulke ce. Korona ta zo ta gwada."

A ƙarshen shekarar 2021 ta zo.

Godswill ne ya kawo ta, ɗan Saje da Gladys da ke aiki a wani otal a Fatakwal, ya dawo gida hutun Kirsimeti da jaka a kafaɗa da tari a maƙogwaro. Uwarsa ta rangaɗa guɗa ta rungume shi, ya yi mata tari a wuya. Washegari bai fito karyawa ba. Jikinsa ya yi zafi, muryarsa ta dishe.

Gladys ta tsaya a tsakar gida tana murza hannu. "Baban Godswill, kada fa abin nan ne."

"Wane abu? A wurin aikinsu ba a barin wanda ba shi da allura ya shiga. Murar hanya ce."

"To shiga ka duba shi mana."

Saje ya dubi ƙofar ɗakin. Ya dubi agogonsa, wanda ya daɗe da tsayawa. "Kira Leah."

Leah ta zo hannunta duk ƙullu. Da ta ji abin da ake so, ta ce a hankali, "Yaya, in mura ce, ai uwarsa za ta iya shiga."

"Mura ce. Amma ko da ba mura ba ce, ke ba abin da zai same ki. Haka ake tsara yaƙi. Wanda ya san fili shi ake turawa gaba."

Haka Leah ta shiga. Ita ke dafa ganyen dogon-yaro da citta ta riƙe masa bargo ya yi sirace, tururin da numfashinsa duk a fuskarta. Ita ke wanke hankicinsa, ta kwashe aman, ta goge masa jiki. Godswill yana kwance yana latsa waya, in tarin ya taso ba ya ko juya kai.

"Goggo, ke fa kin more," ya ce mata wata rana. "Kin zama ƙarfe. Don Allah farfesun nan a ƙara masa yaji, ba na jin ɗanɗanonsa sosai."

Kafin a yanka akuyar Kirsimeti, Gladys ta kwanta. Bayanta motar sulke ta biyo. Saje ya yi nishin da aka ji shi har bakin titi, yana kiran sunan uwarsa da ta daɗe a kabari. Ya ce zazzaɓin sauro ne, a lokacin da sauron ma ya tafi hutu. Leah ta zama mai jinyar mutum uku, kowa da ɗakinsa, kowa da kiransa. Tsakanin kira da kira ta soya cincin, ta gyara kayan cikin akuya, ta dafa shinkafar da ake rabawa maƙwabta, ta ɗauka a kai ta kai gida-gida, domin Gladys ta ce ba za a ji a unguwa cewa gidan Saje bai raba abincin Kirsimeti ba.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Gladys tana kwance tana waya da ƙawarta Mama Alice, wadda mijinta ke tari, sai aka ji tana cewa cikin muryar taimako, "Haba, kar ki damu. Ai mu Allah ya ba mu wadda cuta ba ta kamawa. Zan turo miki ita da rana ta ɗan riƙe miki shi." Aka ba da aron Leah kamar yadda ake ba da aron turmi. Mama Alice ta yi godiya ƙwarai, ga Gladys.

Maƙogwaro ya fara yi wa Leah ƙaiƙayi ana gama bikin. Ta sha ruwan ɗumi ta koma bakin aiki. Sai zazzaɓi ya biyo, da ƙishirwa irin ta masu suga, wadda ruwan randa guda ba ya kashewa. Da safe ta kai wa Saje kunu, a lokacin ya fara samun ƙarfin zama a gindin mangwaronsa, ta tsaya a gefensa.

"Yaya, ina jin abin nan ya kama ni."

"Wane abu?"

"Abin da ya kama ku."

"Abin da ya kama mu zazzaɓi ne. In kuma korona kike nufi, ba zai yiwu ba. Ba a yi wa mutum kaciya sau biyu." Ya kurɓi kunun ya yamutsa fuska. "Wannan kuma ba suga."

Ta je wurin Gladys. Gladys ta dube ta sama da ƙasa.

"Dama na san za a yi haka. Kin ga mun kwanta ana yi mana hidima, ke ma sha'awa ta kama ki. To ki yi haƙuri, ciwo ba anko ba ne da kowa sai ya ɗinka."

Godswill ya fi su tausayi. Ya latsa wayarsa, ya karanta layin farko na abin da ya fito, ya ce, "Goggo, ga shi nan an rubuta, wanda ya taɓa yi jikinsa yana da garkuwa. Tunani ne ya yi miki yawa. Ki rinƙa sakin ranki." Bai gangara ƙasa ya karanta sauran ba, saboda wata yarinya ta turo masa saƙo.

Su ukun suka warware kamar ba su taɓa kwanciya ba. Saje ya sanar da cewa ranar Lahadin farko ta sabuwar shekara iyalinsa za su yi godiya ta musamman a coci, sannan a dawo gida a ci shinkafa. Aka sayo atamfa iri ɗaya. Tela ya ɗinka ta mutum uku, domin an lissafa cewa dole wani ya tsaya wurin tukunya.

Leah ta ci gaba da aiki, sai dai aikin ya fara gudunta. Sharar tsakar gida da take gamawa kafin kunu ya huce, yanzu sai ta zauna sau da yawa kafin ta kai bakin ƙofa. In ta yi magana, kalma biyu take haɗawa ta tsaya neman iska. Ta daina cin abinci, babu wanda ya lura, don ba a taɓa lura da lokacin da take ci ba. Ranar Juma'a da hantsi, tana sheƙe dawar da za a kai coci baiko, ta tafi luu ta faɗi a kan tabarmar, dawar ta watse.

Gladys ta fito da gudu, ta tsaya nesa. "Wayyo, dawar!"

Godswill ya ɗaure hanci da tawul, ya kama ta ta hammata ya ja. Ba ɗakinta aka kai ta ba, ɗakin ajiya na bayan gida aka nufa da ita.

"Ba don wani abu ba," in ji Saje, yana ba da umarni daga inuwa. "Can ya fi shiru. Baƙi za su cika gida, kar su dame ta."

Ya aika aka sayo mata maganin zazzaɓi a kemis. Gladys ta ajiye shi a bakin ƙofa tare da kofin ruwa. Ba korona ba ce, kowa a gidan ya yarda da haka, amma ko kaza ce ta nufi ɗakin sai an kore ta.

Katanga ɗaya ce ta raba ɗakin ajiyar da gidan Sa'adatu, matar Kamalu direban bas. Sa'adatu ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, kuma duk makon bikin a wurin aiki ta ƙare shi. Ranar Lahadi da safe ta fito alwala ta ji wani sauti ta bayan katanga, kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Ta tsaya ta saurara. Ta koma ɗaki ta ɗauki kwanon da aka kawo mata shinkafar Kirsimeti, ta zuba gyaɗa a ciki don kada ya koma haka nan, ta sa jakar aikinta a kafaɗa.

Ta same su a tsakar gida, su uku cikin atamfa ɗaya, Gladys tana fama da ɗaurin gwaggwaro.

"Ina kwana, Baba Saje. An yi biki lafiya? Ga kwanonku, mun gode. Ina Goggo Leah?"

"Tana hutawa," in ji Gladys.

"Wanga numfashi da nake ji ba na mai hutawa ba ne."

Ba ta jira izini ba. Ta ɗaura takunkumi a fuska ta wuce bayan gida. Leah tana zaune ta jingina da buhun dawa, don kwanciya ta gagare ta. Leɓunanta sun yi duhu. Kofin ruwan da aka ajiye mata ya daɗe da ƙarewa. Sa'adatu ta maƙala mata 'yar na'ura a yatsa, ta dubi abin da ta nuna, ta cire ta sake maƙalawa a wani yatsan ko kuskure ne. Ba kuskure ba ne. Ta fito da sauri.

"Baba Saje, matar ga ba ta samun iska. Yanzu-yanzu za a kai ta babban asibiti inda akwai oksijin. Mi kuke jira da ita har ta kai haka?"

"Zazzaɓi ne. An ba ta magani."

"Korona ce, in dai ba idona ya lalace ba. Kuma ita ce ta kwantar da ku duka."

Saje ya yi dariya ya fara naɗe hannun sabuwar rigarsa. "'Yar nan, kin ga nan? Biyu. Ita kuwa ta yi cutar tun farkon zuwanta. Ta ina za ta shiga?"

"Baba Saje, kai soja ne. In anka ba ka hoton ɓarawo anka ce ka tsare shinge, sai ɓarawon ya aske gemu, ya sa gilashi, ya zo cikin kaki irin naka, za ka gane shi?"

"Ni? Ko zani ya ɗaura zan gane shi."

"To garkuwar jini ba ta kai ka wayo ba. Wadda jiki ke haɗawa bayan ciwo, ko bayan allura, siffar ƙwayar cutar take riƙewa. Akwai 'yan ƙayoyi a jikin ƙwayar, da su take shiga mutum, nan garkuwar ke kamawa ta hana ta. Wagga sabuwar da ake kira Omikron ta sauya ƙayoyin nan da yawa, sai garkuwar ta zo kamawa ta rasa wurin riƙo. Ga shi ita kanta garkuwar raguwa take in an daɗe. Shi ya sa ta kama ku duk da allurarku."

"Ke nan allurar banza ce," in ji Godswill.

"Ba banza ba ce. Ita ta sa kunka tashi da wuri. Ko cutar ta wuce shingen farko, jikin da anka yi wa allura yana da wasu masu gadi a ciki da ke hana ta yin ɓarna mai yawa. Goggo fa? Ciwonta ya daɗe, ba ta samu allura ko ɗaya ba, ga suga, ga ƙirjin da ciwon farko ya riga ya raunata. A gidan ga ita ce ta fi kowa rauni, ita kunka sa a gaba."

Saje ya sauke hannun rigarsa ya ɓalla maɓalli.

"A zamaninmu," ya ce, "kofur ba ya yi wa saje lacca."

"A kai ta asibiti, sannan ka hukunta ni."

"Yau? Yau da zan tsaya gaban jama'a in ba da shaida? A ce an ga motar marasa lafiya a ƙofar gidana ranar godiya? In an tashi coci, baƙi sun watse, sai a duba."

"Kuma in an tafi da ita," in ji Gladys, da gaske take tambaya, "wa zai ɗora shinkafar?"

Sa'adatu ta dube ta, ta juya ga Saje. "Kamalu yana gida, bas ɗinshi na waje. Ba sai kun yi komi ba. Mu za mu kai ta."

"Babu mai fitar da ƙanwata daga gidana ba da izinina ba. Ni ne ubanta yanzu." Ya nuna mata ƙofa. Da suka fito duka, ya ja ƙyauren gidan na ƙarfe ya datse da kwaɗo, ya jijjiga shi ya tabbatar ya kama. "Saboda ɓarayi," ya ce. Godswill ya ɗauki buhun dawar baiko, suka nufi coci a jere.

Sa'adatu tana da lambar Rachael tun ranar bikinta. Ta kira ta, ta faɗa mata abin da ta gani ba tare da ado ba. Daga can Kanya muryar Rachael ta tsinke.

"Ku fasa ƙofar, Anti Sa'a! Ku fasa, ni na ce. Ga ni nan kan mashin."

Kamalu ya zo da ƙarfen cire taya. Bugu kaɗan kwaɗon ya buɗe baki. Da suka ɗago Leah, ta kama hannun Sa'adatu tana ƙoƙarin magana. Sa'adatu ta kai kunne.

"Shinkafar... ban wanke ba."

"Goggo, don Allah yi shiru ki ja iska."

A daidai lokacin da bas ɗin ke fita daga Rikoto, Saje Kefas yana tsaye gaban jama'a da makirufo a hannu. Ya ce ciwo ya shigo gidansa ya duba ya ga babu masauki, ya juya. Ya ce mutum uku suka kwanta, mutum uku suka tashi, ba a kai kowa asibiti ba. Ya gode wa Ubangiji, ya gode wa matarsa da ta tsaya tsayin daka. Jama'a suka ɗaga hannu suka ce Halleluya, domin ba su san komai ba sai abin da aka faɗa musu. Aka buga ganga, iyalin suka taka rawa har gaban bagadi.

Da suka dawo gida da baƙi a bayansu, Saje ya tsinci kwaɗonsa a ƙasa. Ya daɗe yana juya shi a hannu.

"Sabo ne fa," ya ce.

Murhu a sanyaye. Gladys ta yi murmushin dole ta ce wa baƙi mai girkin ce ta ɗan fita. Aka raba musu ragowar cincin.

A asibiti aka zura wa Leah tsinken auduga a hanci, gwaji ya nuna abin da Sa'adatu ta faɗa. Aka sa mata abin shaƙar oksijin, aka shiga kokawa da sugan da ya haura. Akwai ranakun da Rachael, wadda ke zaune a baranda tana leƙe ta taga, ta ga ma'aikata suna shiga da sauri suna fita a hankali, ta ɗauka an gama. Ba a gama ba. Leah ta saba da tashi ba tare da an taimake ta ba, balle yanzu da ake taimakonta.

Duk wannan lokacin Saje bai taka asibitin ba. A wurin burukutu ya bayyana cewa suga ne ya tashi, likitoci kuma komai suka gani yanzu sai su ce korona. Ya ƙara da cewa maƙwabtan zamani ba su san iyakarsu ba. Godswill ya koma Fatakwal, ya turo wa Rachael hoton hannu biyu a haɗe alamar addu'a.

Sai da aka mayar da Leah ɗakin sauran marasa lafiya, likita ya ce ta daina yaɗa cutar, sannan Saje ya bayyana. Ya zo da rana tsaka, da lemo a leda, da takunkumi biyu a fuska, ɗaya kan ɗaya. Ya tsaya a bakin ƙofa.

Leah ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Rachael tana ba ta kunu da cokali.

"Sannu, Leah. Kin ga abin da na faɗa, jikinki mai ƙarfi ne."

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Ina wuni, Kawu," in ji Rachael, ba ta ɗago kai ba.

Saje ya gyara murya. "Na zauna na yi nazari a kan maganar yarinyar nan Sa'adatu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ta ce akwai tsohuwar cuta, akwai sabuwa. To ke yanzu kin yi tsohuwar, kin yi sabuwar. Kin haɗa duka. Yanzu kam babu wadda ta rage." Ya gyara riƙon ledar lemon. "Dama uwar Gladys ce a Sakaba take ta tari, babu mai kula da ita. Na ce in an sallame ki, kin ɗan huta, sai a sa ki a mota."

Cokalin ya faɗi daga hannun Rachael. Ta miƙe, amma Leah ta riƙe mata zani.

"Yaya, ban ji ba. Ciwon nan ya taɓa mini kunne. Matso."

Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya shigo da ita.

"Matso sosai. Zo ka zauna nan bakin gado ka faɗa mini."

"Daga nan ma ai ana ji."

"Likita ya ce ba na yaɗawa. Kai kuma allura biyu gare ka. Zo mana, ɗan'uwana."

Saje ya sa yatsa ya danne takunkumin a kan hancinsa. Bai motsa ba. Matan da ke sauran gadajen suka juyo suna kallo. Leah ta dube shi, tsohon soja mai faɗin kafaɗa, maƙale da ƙofa da ledar lemo, sai dariya ta taso mata, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba. Dariyar ta koma tari. Da jin tarin Saje ya yi tsalle da baya, ya ci karo da keken tura magunguna a baranda, lemon ya watse yana gangarawa.

Da tarin ya lafa, Leah ta goge idonta. Ta yi magana a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi, amma babu wanda bai ji ba.

"Ka gaishe da uwar Gladys. Tana da 'ya. Tana da suruki. Tana da jika. Ni Kanya zan tafi."

Kanya ta tafi. Tana can har yanzu a ɗakin da surukinta ya gyara mata. Ba ta iya zuwa bakin rafi, ko coci sai an ɗauke ta a mashin, kuma likita ya ce ƙirjin ba zai koma yadda yake ba. Da lokacin da aka ɗiba mata ya yi, Rachael ta kai ta aka yi mata allurar da wake da gero suka hana ta.

A Rikoto kuwa labarin ya sha bamban. Saje yana gaya wa duk mai saurare cewa ya ciyar da ƙanwarsa, ya ba ta ɗaki, ya je har asibiti da lemo, ta saka masa da butulci a gaban mata. Mutane suna girgiza kai suna cewa duniya ta lalace.

Ƙwayar cuta ba ta da ido. Ba ta san Leah ba, ba ta san mijinta ya mutu ba, ba ta san ba ta da wurin zuwa ba. Ta sauya kama ne don haka halittarta take, ta shiga inda ta samu ƙofa. Waɗanda suka buɗe ƙofar suka tura Leah ciki sun san ta sarai, nono guda ta sha da ɗaya daga cikinsu. Ba jahilci ne ya sa suka yarda cewa ba ta kamuwa ba. Da jahilci ne, da sun shiga ɗakin tare da ita. Sun yarda ne domin yardar tana wanke musu hankici, tana dafa musu shinkafa.

Aikin gida ya yi wa Gladys yawa yanzu, har bayanta ya fara ciwo. Kwanakin baya ta aika ƙauye a nemo mata wata 'yar'uwa da za ta zo ta zauna da su, wadda mijinta ya rasu, marar yawan magana. Da aka ce an samu, ba ta tambayi sunanta ba. Ta gyara riƙon wayar ta ce:

"Ta taɓa yin korona?"